Wane dutse za mu hau ranar Asabar, dusar ƙanƙara ba ta gama narkewa ba?

Bakano: Salamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu zama a garin nan. Mu shida ne muke so mu fita hawan dutse Asabar ɗin nan, amma na rabin yini kawai, don biyu daga cikinmu suna da aiki ƙarfe biyar na yamma a Munich, dole kafin huɗu mun shigo gari. Ni dai Herzogstand nake so wlh, tun bara nake ganin hotonsa, ga tafkin Walchensee a ƙasa ruwan nan kore shar, ga Kochelsee ta ɗaya gefen. Na duba waya an ce Asabar rana za ta fito sosai, digiri 19. Ba mu da mota, tikitin wata na Deutschlandticket ne da mu duka. Me kuka gani?

Bazazzagi: Wa'alaikumussalam. Bakano da hawan dutse? Kai da iyakarka Dala, wanda ake hawa da silifa ana cin gyaɗa

Bakano: To kai wa ya taɓa ganinka a kan Kufena, bari manya su yi magana

Kawu Sendling: Wa'alaikumussalam ɗana. Digiri 19 ɗin da ka gani na ina ne, na Munich ko na kan dutsen? Don Munich tana kan mita 520 ne daga teku, ƙolin Herzogstand kuma mita 1,731. Duk mita 100 da ka hau sanyi yana ƙaruwa da kusan rabin digiri da 'yan kai, kenan tun kafin a yi maganar iska ka cire bakwai ko takwas daga abin da wayarka ta nuna maka. Kuma ba ma wannan ne babban abin ba. A tsakiyar Afrilu dusar da ta taru tun Disamba ba ta tafi ba a can sama, ƙasa ce kawai ta yi kore har mutum ya ɗauka hunturu ya wuce. Hoton da ka gani na tabbata na watan Yuli ne ko Agusta.

Bakano: Kawu na Munich ne gaskiya. Amma ai na ga mutane sun saka hoto satin da ya wuce suna sama

Kawu Sendling: Suna sama, amma ka tambaye su ta ina suka hau da kuma me ke ƙafarsu. Da yawa motar igiya suke shiga daga bakin Walchensee ta sauke su wajen mita 1,600, su taka kaɗan su ɗauki hoto su dawo. Ita ma takan tsaya gyara wani lokacin a irin wannan tsakanin, sai an duba shafinsu. Idan da ƙafa ne daga Kesselberg, mashigar da titi ke bi tsakanin tafkunan biyu, faffaɗar hanyar nan da aka yi wa dawakan sarakunan Bavariya, wadda Sarki Ludwig na biyu yake bi in zai je gidansa na can sama, tana bin gefen da ke kallon arewa maso gabas ne, rana ba ta daɗewa a wurin, dusar tana nan jibge. Hawan kusan mita 880 ne. Ku shida, sababbi, da dusa, ku sa awa uku hawa kawai. Ina rabin yinin yake?

Ummi: Slm, ina cikin su shidan. Ni fa ban taɓa hawa komai ba sai benen hostel, kuma kambas ne da ni irin na gudu, fari ma. Zai yi?

Maman Ilham: Ƙanwata ki ajiye farin kambas ɗin nan a gida in kina sonsa. Ko dusa babu, inda ta narke taɓo ne har idon sawu, baƙi ƙirin mai danƙo. Ki ari takalmi mai wuya mai ƙaton gindi, lamba nawa kike sawa? Ina da 39

Ummi: 38 nake sawa Anti, amma da safa biyu zai yi ina ga

Ɗan Maraɗi: Jama'a lahiya. Ni gaskiya ina ganin Kawu yana tsorata yaran nan da yawa. In Herzogstand ya yi tsawo su tahi Jochberg mana, ga shi nan daura da shi, titi ɗaya ne ya raba su a Kesselberg. Mita 1,565 ne kawai, ana farawa daga wajen 850, awa biyu an kai. Kuma tafkunan biyu da yake so ya gani duka ana ganinsu daga can, wasu ma sun ce kallon ya fi kyau. Jamusawa har cikin Janairu suna hawanshi, tsofaffin mata da karnukansu za ka gani suna wuce ka suna ce maka Servus, gaisuwarsu kenan. In tsohuwa ta hau matashi ɗan shekara ashirin da wani abu ya kasa?

Bakano: Yawwa Malam, irin maganar da nake son ji kenan

Kawu Sendling: Malam ban ƙi taka ba, Jochberg dutse ne mai daɗi kuma ana hawansa duk shekara. Amma tsohuwar nan da ta wuce ka, ka kalli ƙafarta. Za ka ga Grödel, sarƙar nan mai ƙananan haƙoran ƙarfe da ake ɗaura wa takalmi da roba, ga sanda biyu a hannu, kuma tun tana yarinya take wannan hanyar. Matsalar Jochberg a wannan lokacin yawan mutanen ne ma yake kawo ta. Hanyar cikin daji take, a inuwa, ɗaruruwan ƙafa sun tattake dusar ta daskare, da rana samanta ya ɗan narke, da dare ya sake kamewa, da safe sai ka same ta kamar tayil ɗin banɗaki da aka zuba wa ruwan omo. Hawa mutum zai iya lallaɓawa yana kama saiwa. Saukowa ce ake jin jiki, a nan ake karya wuyan hannu da ƙugu. Sannan can kusa da ƙoli hanyar tana matsowa bakin gefen arewa, wanda yake a tsaye yake kallon Kochel, ba wurin da mai farin kambas zai zame ba ne.

Ummi: Innalillahi, Kawu ni aka sa a misali

Kawu Sendling: Ke kika kawo kanki 'yata

Ɗan Maraɗi: To Grödel ɗin nawa yake? Ba tsada gare shi ba, duk shagon kayan wasanni akwai, wasu ma suna bada haya. Su saya mana, ai ba yau kaɗai za su yi amfani da shi ba. Ni abin da ba na so shi ne kullum a ce wa namu ku tsaya ƙasa ku zagaya tafki, shekara biyar mutum na Bavariya bai taɓa tsayawa kan ƙolin komai ba, ya koma gida hotonshi duka a Marienplatz, dandalin tsakiyar Munich

Bazazzagi: Wannan kam gaskiya ne, akwai wani Bakano da na sani duk hotunansa gaban filin ƙwallon Bayern ne

Bakano: Allah ya shirye ka

Maman Ilham: Ku bar wasa ku yi lissafin lokaci tukuna, ni nan ne nake ganin maganar za ta mutu. Jirgi daga babbar tasha zuwa Kochel awa ɗaya da kwata ne kusan, wani sa'in sai an canza a Tutzing. Daga Kochel sai bas ya hau da ku Kesselberg, kuma bas ɗin ba irin na cikin gari ba ne da ke zuwa duk minti goma, in ya wuce ku sai ku zauna bakin titi kuna kallon masu babur suna shan kwana. A ce kun bar Munich bakwai da rabi, kun fara taka ƙafa tara da kwata, ƙoli sha biyu saura, ku ci abinci ku huta, saukowa kan ƙanƙara a hankali sai wajen biyu, a jira bas, a jira jirgi, kun ga huɗu ta yi kuna hanya kenan in komai ya tafi daidai, kuma jirgin Jamus ɗin yanzu kowa ya san halinsa. Wanda zai shiga aiki biyar ko wanka ba zai yi ba.

Ɗan Maraɗi: Hajiya nan kin kama ni. Ni da mota nike zuwa shi ya sa ban lissafa bas ba

Bazazzagi: Tambaya ta gaske yanzu. Lokacin da ake rubutawa a allunan nan masu ruwan ɗorawa, misali a ce awa 2, na wa ne? Don ni ban taɓa isa a lokacin da suka rubuta ba

Kawu Sendling: Lissafi ne suke yi. Ƙungiyar masu hawan dutse ta Jamus, DAV, tana ɗaukar mutum yana hawa mita 300 a awa, yana sauka mita 500 a awa, a miƙe kuma kilomita 4. Sai a fitar da lokacin hawa da na nisa, a ɗauki babban a ƙara masa rabin ƙaramin. Babu hutu a ciki, babu ɗaukar hoto, babu sallah, kuma hanya busasshiya ake nufi. Haka ɗigon da ke jikin allon, shuɗi mai sauƙi, ja matsakaici, baƙi mai wuya, duk na lokacin da babu dusa ne. Hanya mai shuɗin ɗigo in ƙanƙara ta rufe ta ba ruwanta da launin da aka shafa mata. Kuma dusar tana binne jan fentin da ake yi a jikin duwatsu, sai ka ga mutane suna bin sawun wani wanda shi ma ɓata ya yi.

Bakano: To Kawu an hana Herzogstand an hana Jochberg, sai ina? Kar dai a ce mu je Englischer Garten, lambun shaƙatawar nan na cikin Munich

Kawu Sendling: Neureuth, a saman Tegernsee. Mita 1,260 da 'yan kai, tafkin kuma yana wajen 725, kenan hawan mita 530 ne ko kusa da haka. Jirgin ƙasa na kamfanin BRB daga babbar tasha awa ɗaya da 'yan mintuna, kuna sauka a tashar Tegernsee kun fara hawa, babu bas babu jira. Gefen da za ku bi yana samun rana, shi ya sa yake riga sauran bushewa, in akwai ragowar dusa sai can sama cikin bishiyoyi. Awa ɗaya da rabi zuwa biyu kun kai. Akwai siririyar hanya ta cikin daji akwai faffaɗa wadda motar masu gidan abincin ke bi, in siririyar ta yi santsi ku dawo ta faffaɗar. A sama fili ne buɗaɗɗe, ga tafkin a ƙasa, ga Wallberg da Hirschberg a gabanku fari fat da dusa, hoton da kake so za ka samu, dusar tana bayanka ba ƙarƙashin ƙafarka ba. A wannan watan ni abin da nake dubawa kenan kafin sunan dutse: kar ya wuce mita 1,300 sosai, hanyar ta kalli kudu ko yamma, kuma a iya juyowa ko ta ina ba tare da an rasa jirgi ba.

Ɗan Maraɗi: Neureuth ai tudu ne Kawu, yara 'yan firamare ake kaiwa

Maman Ilham: Malam mita 530 ne fa, bene sama da hawa ɗari da hamsin kenan. Ilham ta hau amma sai da aka yi mata alkawarin ice cream sau uku. Wanda bai saba ba cinyarsa za ta gaya masa ranar Lahadi

Ummi: Ni na zaɓi tudun

Bazazzagi: Ni kuma da zan ba da shawara da na ce Eckbauer ta Garmisch, a bi ta cikin Partnachklamm, kwazazzabon nan da ruwa ke gudu a ƙasa ana bin ramin da aka fafe a jikin dutse. Daga filin tsallen ƙanƙara na gasar Olympics ta 1936 ake farawa. Mita 1,237 ne, bai kai Neureuth ba ma

Kawu Sendling: Wuri ne mai kyau, amma abu biyu. Garmisch ta fi nisa, kusan awa ɗaya da rabi a jirgi sannan a taka ko a hau bas zuwa filin. Na biyu kwazazzabon ana biyan kuɗin shiga, kuma lokacin narkewar ƙanƙara sukan rufe shi in suna tsoron abin da zai faɗo daga sama, sai an duba da safen. Ku ajiye shi ranar da ba mai aiki. Kuma tunda an zo Garmisch, kar wanda ya ruɗe su da ɗaya kwazazzabon, Höllentalklamm, shi a rufe yake duk hunturu sai wajen tsakiyar Mayu ake buɗewa.

Bakano: Wani abokina ɗan ajinmu yake cewa wai a duba rahoton zaftarewar dusa. Ni na ɗauka wannan na masu wasan sulu ne a Janairu, yanzu da zafi ya fara ai an wuce wurin ko?

Kawu Sendling: A'a ɗana, zafin ne ma yake kawo irin ta wannan lokacin. Da safe dusar a daskare take tana riƙe da kanta, rana na dukanta ruwa ya ratsa ta ta yi nauyi, wajen azahar sai ta saki gangaren gaba ɗaya ta taho, musamman inda ƙarƙashinta doguwar ciyawa ce a kwance. Ba sai kai ka taka ta ba, kana iya kasancewa a busasshiyar hanya a ƙasa ita kuma ta taho daga saman da ba ka gani. Shi ya sa rahoton Lawinenwarndienst Bayern, hukumar gargaɗin zaftarewar dusa ta Bavariya, a wannan lokacin sau da yawa mataki biyu yake bayarwa a rana ɗaya, na safe daban na bayan rana daban, a ma'aunin 1 zuwa 5. Ita kanta hukumar sanadin kafa ta abin da ya faru ne a watan Mayu, ba Janairu ba. Ranar 15 ga Mayun 1965 dusa ta zafto kan barandar otal ɗin Schneefernerhaus a dutsen Zugspitze, mutane suna zaune suna shan rana, mutum 10 suka rasu, bayan nan aka kafa ta a 1967. A hanyar Neureuth daga Tegernsee wannan ba abin da zai dame ku ba ne, amma ku saba da dubawa, kyauta ne, kuma ku saba da fita da sassafe.

Ɗan Maraɗi: Allah ya jiƙan musulmi. Wannan ban san shi ba. Amma dai ina nan kan bakata, Jochberg da Grödel da sammako ba wani abu ba ne. Bakano in kana so sati na sama in ɗauke ka da mota mu biyu ko uku, shida na safe, kafin azahar mun sauko mu tsaya masallacin Penzberg mu yi sallah, hanya ce

Bakano: Na karɓa Malam, Allah ya saka. Sharaɗi ɗaya, ban da Bazazzagi

Bazazzagi: Dama wa zai bi ka, in ka zame ni za a ce in ɗauko

Maman Ilham: Tunda an tsaya kan Neureuth bari in faɗi nawa na uwa. Ku tafi da kuɗi a hannu, gidajen abincin kan dutse ba duka ke karɓar kati ba, kuma ku duba ko a buɗe suke ranar don sukan yi hutu tsakanin hunturu da bazara. Abincinsu yawanci akwai alade, har miyar da ka ga kamar ba komai romon nama ne, ku tambaya. Käsespätzle taliya ce da cuku da soyayyar albasa, ita muke ci, amma ku ce kar a sa Speck, wato ƙyafaffen naman alade. Kaiserschmarrn, fanken nan mai zaƙi da ake yayyankawa, shi ma ku tambaya ko an jiƙa zabibin da giya. Ni dai flas ɗin shayi da burodi da dafaffen ƙwai nake ɗauka, in da kilishi ya rage wa wani daga tsarabar gida to ranarsa ce. Sannan kaska ta fara fitowa, kusan duk Bavariya yankinta ne kuma tana sa cuta, ku tura ƙafar wando cikin safa, in kun dawo kowa ya duba jikinsa, bayan gwiwa da ƙugu.

Ummi: Anti kaya fa? Jaket ɗin hunturu zan sa ko ya yi yawa?

Maman Ilham: Kar ki sa ƙaton nan, minti ashirin za ki jiƙe da gumi, in kin tsaya a sama iska ta buge ki sanyi ya kama ki. Sa riga mara nauyi, suwaita a kai, sai jaket mai tare iska a jaka, da wata rigar ta canji. Hijabi ƙarami wanda iska ba za ta yi ta ja ba, doguwar riga kuma ta tsaya a gwiwa da wando a ciki, in ta kai ƙasa za ki taka ta a gangare. Safar hannu ko siririya ce ki jefa a jaka

Kawu Sendling: Ƙari kaɗan. Lambar gaggawa 112 ce, ita za ta haɗa ku da Bergwacht masu ceto a dutse. Amma ku sani in mutum bai ji ciwo ba, tsoro ne kawai ya kama shi ya maƙale aka zo aka sauko da shi, inshorar lafiya ba lalle ta biya ba, takardar kuɗin gidansa za ta zo, in da helikwafta a ciki kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga ɗalibi. Wanda ya ga abin ya shige shi ya yi rajista da DAV, akwai inshorar ceto a cikin kuɗin shekara kuma ɗalibai ana rage musu. Daren Juma'a wani ya buɗe kyamarorin intanet na yankin Tegernsee ya ga inda farin ya tsaya a jikin duwatsu, in an yi sabuwar dusa cikin satin nan, don Afrilu takan yi haka, ku rubuto nan mu sake shawara. Ina da Grödel guda biyu da sanduna, wanda zai zo unguwarmu Sendling ya karɓa kafin Juma'a da dare.

Bakano: Zan zo bayan sallar Juma'a insha Allah Kawu. Wasu a cikinmu suna cewa in mun kai da wuri mu zarce Gindelalm mu sauka ta Schliersee, wai akwai jirgi a can ma

Kawu Sendling: Akwai, kuma hanya ce mai kyau, amma ta ƙara muku awa biyu ko fi, kuma tsakanin nan inuwa ce da taɓo. Masu aikin biyar su juyo daga Neureuth ƙarfe sha biyu ko an gama hoto ko ba a gama ba. Sauran in ƙafa ta yarda su suka sani.

Admin: To an gama ko? Masu zuwa ku buɗe ƙaramin group ku daina cika mana waya, mutane na barci. Bakano ka turo hotuna Asabar

Maman Ilham: Admin minti ɗaya. Jirgin BRB ɗin nan haɗe yake fitowa daga Munich sai ya rarrabu a hanya, a Holzkirchen wani ɓangaren ya nufi Bayrischzell, a Schaftlach wani ya nufi Lenggries. Ku karanta rubutun jikin taragon kafin ku shiga ku tabbatar Tegernsee aka rubuta, kuma ku je da wuri don Asabar mai rana cika yake yi har tsayuwa. Ummi ki biyo gobe da yamma ki gwada takalmin, ki taho da safar da za ki sa.

Ummi: To Anti, bayan la'asar insha Allah